FILIN UWARGIDA: Jini a Kan Asuwaki Ba Abin Wasa Ba Ne



Kwanakin baya na je Magama ta Jibiya, can bakin iyaka, gaishe da wata ƙanwata da ke auren direba mai jigilar fasinja zuwa Maraɗi. Sai na tarar da ita jugum. Wai kwana biyun nan maigida kau da kai yake in ta matso kusa, har ta fara zargin ko wata ya gano a Ɗan Isa. Da safe tana asuwaki na ga ta tofar da jini. Na ce, "Ke, tun yaushe?" Ta ce, "Haba Yaya, ai kowa ma yana yi." Nan na gane kishiyar tata a bakinta take.

'Yar'uwa, lafiyayyen dasashi ba ya jini. Ki dubi madubi yau ɗin nan. In kin ga dasashinki ya yi jajir ko ya kumbura, ko yana jini wajen goge baki, ko warin baki ya ƙi tafiya duk kanumfarin da kike tsotsa, to ciwo ya fara. Muguntarsa ita ce da fari ba ya zafi. Dattin da ke liƙewa a gindin haƙori shi ke kawo shi, in ya daɗe kuma sai ya daskare, ba asuwakin da zai kankare shi sai likita. A wannan mataki ana warkewa sarai. Amma in an yi sake ya ci ƙashin da ke riƙe haƙori, sai dasashi ya janye, haƙori ya fara girgiɗa. Masu juna biyu, masu ciwon suga da masu shan taba su suka fi haɗuwa da shi.

Iyaye mata, a riƙa leƙa bakin yara, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 da suka rame ko suka tashi daga ƙyanda. Daga jinin dasashi da wari cutar noma ke farawa, wadda cikin 'yan kwanaki take cinye kumatu. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma akwai asibitinta musamman a Sakkwato. In an kai yaro da wuri, magani na tsayar da ita.

A goge baki safe da dare, kar a daina don an ga jini. Ruwan ɗumi da gishiri na rage kumburi, amma ba ya maye gurbin likita. In jinin ya wuce sati biyu, a nufi asibiti.

Ƙanwata dai ta je Katsina an wanke mata haƙori, yanzu sai dai ki ji tana ba ni labarin tsarabar Maraɗi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.