A Samo Mana Mai Rubuta Lissafin Tsuntsayen Zobe

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da masunta da 'yan tireda na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, a kan wani abu da na san wasu za su ce aikin marasa aikin yi ne, wato maganar tsuntsaye.

Jama'a, ga kaka ta shigo, an yanke gero ana jiran dawa. Duk mai lura ya san a daidai wannan lokaci ne shamuwa ke barin tsamiyoyin gari. Ba ɓacewa take yi ba, kudu take nufa, har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe inda damina ke farawa lokacin da tamu ke ƙarewa, sai kuma bazara ta dawo mana da albishir ɗin ruwa. To tana fita wasu baƙi ke shigowa daga ƙasashen Turai, sun gudo daga sanyin ƙanƙara. Akwai ƙananan agwagin ruwa, akwai masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo, akwai ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya. Wannan ɗan tsuntsu bai kai rabin nauyin ƙwan kaza ba, amma ya ƙetare teku ya ƙetare hamadar Sahara, tafiyar da ko raƙumi sai ya yi shiri. Ikon Allah ke nan.

Su Turawa ma da can ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Sai a shekarar 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu dangin shamuwa a ƙasar Jamus, da mashin mutanen Afirka soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga nan. Har yau yana ajiye a jami'ar garin Rostok. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Saboda haka idan yaro ya kamo tsuntsu da ɗan ƙarfe a ƙafa, ba sihiri ba ne, ba kuma sammu aka aiko wa wani ba. Lamba ce da sunan ƙasar da aka sa masa. A kwafe abin da ke rubuce, a saki tsuntsun.

Abin da ke damuna shi ne, tun 1983 aka gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, yau fiye da shekara 40. Ruwa mai yawa irin wannan a tsakiyar ƙasa busasshiya, dole baƙin tsuntsaye su yada zango a wurin. Amma je ka tambayi duk wanda ka ga dama a Makera, iri nawa ne ke sauka, yaushe suke zuwa, sun ƙaru ko sun ragu? Amsar ita ce, ai da sun fi haka yawa. Kowa haka yake faɗi, kuma na yarda, sai dai magana ce ta fatar baki. Ba za ka ɗauke ta ka kai gaban hukuma ba. Dattawan da suka san lokacin da kukan gauraka ke tashin mutane a fadama suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, saninsu na bin su kabari. Ungulu da a da ta ishi mahauta a kasuwa, yau yaro ɗan shekara 10 sai ka yi masa kwatance. A 2015 masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, mu da muke zaune da ita ba wanda ya rubuta ranar da ta daina zuwa.

Dubi 'yan'uwanmu na Haɗejiya da Nguru. Tun 1987 aka kafa shirin kula da fadamunsu, ana ƙirga tsuntsayen ruwa a watan Janairu, har mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona a 1989. Ba wai tsuntsayensu sun fi namu daraja ba ne, su dai an rubuta nasu, shi ya sa duniya ta san da su.

Na san wani zai ce, malam, tsuntsun da ya hana mu barci a gonar gero shi za mu tsaya ƙirgawa? Gaskiyarka, jan-baki annoba ne, wanda ya taɓa wuni yana kaɗa gwangwani a gona ba ya bukatar a gaya masa. Amma laifin jan-baki bai shafi shamuwa da balbela da shirwa ba, waɗanda abincinsu fara ce da tsutsa. Maganin ƙwarin da muke saye da tsada a kasuwar Dutsin-Ma, su kyauta suke yi mana aikinsa. Shi ya sa nake jin takaicin masu jiƙa hatsi da maganin feshi su watsa a bakin ruwa don kama agwagi. Gubar nan ba ta zaɓe, tana kashe wanda aka nufa da wanda ba a nufa ba, sannan a soya naman a sayar wa ɗan'uwa Musulmi. Haba jama'a!

Kuma kar mu manta a 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna, masu kaji suka yi asara ba kaɗan ba. Da akwai mai lura da bakin ruwa kullum, ranar da ya ga matattun tsuntsaye da yawa sai ya sanar da malamin dabbobi tun kafin abin ya iso akurki.

Matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki namu a 'yan shekarun nan ta sa baƙo ba zai zo daga Jos ko Legas ya kwana bakin Zobe da madubin hangen nesa ba. Ke nan aikin namu ne. Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi: littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Sarkin ruwa ya zaɓi matasa biyu ko uku cikin masunta, tunda su kullum suna kan ruwa tun asuba, su riƙa rubuta rana da wata, da irin tsuntsun da suka gani da sunansa na Hausa, da kimanin yawansa. Wanda ba a san sunansa ba a kwatanta shi, ko a ɗauke shi hoto da waya. Ko da ajami aka rubuta ya wadatar.

Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ina kira ga malamansu na fannin halittu da su karɓi wannan littafi duk ƙarshen wata, su haɗa mu da cibiyar binciken tsuntsaye da ke Jos, wadda ke tattara irin wannan bayani daga ko'ina a Nijeriya. Masu unguwanni kuma don Allah a sa sankira ya yi shela a kan gubar nan kafin agwagin su gama sauka.



Naku,
Wani manomin rani,
Makera, Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.