Palm Springs: Gidajen taurari da unguwar da aka ƙone

Wannan makon za mu yi nisan tafiya, har jihar Kalifoniya ta Amurka, mu leƙa wani gari da ake kira Palm Springs. Garin shaƙatawa ne a cikin hamada, kimanin kilomita 170 gabas da birnin Los Angeles. In kuna jin zafin Sakkwato ko Maiduguri ya ishe ku, to a watan Yulin 2024 zafin wannan gari ya kai digiri 51. Shi ya sa baƙi suka fi zuwa lokacin sanyi. Har gonakin dabino akwai a kwarin da garin yake, an kawo irinsa ne daga ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko.

Amma ba dabino ke kai yawancin mutane can ba, gidajen taurari suke zuwa kallo. Tun daga shekarun 1930 'yan fim ɗin Hollywood suka mai da garin wurin hutunsu. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce kamfanonin fim na wancan zamani ba sa barin ɗan wasa ya yi nisan da ya wuce tafiyar awa biyu, ko da za a neme shi aiki, sai Palm Springs ya zo daidai. A yau mutum zai biya kuɗi ya shiga ƙaramar bas, a zaga da shi unguwannin Movie Colony da Old Las Palmas, ana nuna masa gidan wane da gidan wance.

Gidan da ya fi suna shi ne na mawaƙi Frank Sinatra, wanda ake kira Twin Palms. A 1947 ya nemi wani mai zanen gine-gine, E. Stewart Williams, ya yi masa gida irin na tsohon yayi. Williams ya lallashe shi har ya yarda da na zamani: bene babu, rufi a shimfiɗe, gilashi ta ko'ina, ga tafkin ninƙaya mai siffar piyano. Akwai kuma gidan da mawaƙi Elvis Presley ya kai amaryarsa Priscilla bayan ɗaurin aurensu a watan Mayun 1967. A tsakiyar gari an kafa mutum-mutumin 'yar fim Marilyn Monroe mai tsayin kusan mita 8, kullum mutane na ɗaukar hoto a gindinsa.

Abin dariyar shi ne, galibi bango da ƙofa da shingen furanni kawai baƙo yake gani, don gidajen suna hannun wasu mutane yanzu. Elvis ya mutu tun 1977, Sinatra a 1998. Ba ma ganin laifin masu zuwa, gaskiya. Mu ma in aka ce ga gidan jarumin Kannywood da muke so, sai mun miƙa wuya ta tagar mota.

To amma akwai tambayar da ta kamata duk wanda ke cikin bas ɗin ya yi: su wa suka gina gidajen nan? Wa ke dafa abinci, wa ke ba furanni ruwa, wa ke share tafkin? Kuma ina suke kwana in sun tashi aiki?

Sai mun koma baya kafin mu amsa. Tun kafin Turawa su iso, wata al'umma da ake kira Cahuilla ce ke zaune a wurin, kusa da wata maɓuɓɓugar ruwan zafi da suke kira Séc-he. Reshensu na wannan yanki ana ce masa Agua Caliente, wato "ruwan zafi" da Sifaniyanci. Da aka zo shimfiɗa layin dogo, gwamnatin Amurka ta yanka ƙasar gida-gida kamar na wasan dara, kowane gida mil ɗaya tsawo, mil ɗaya faɗi, aka ba kowanne lamba. Kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya samu masu lambar mara, a 1876 da 1877 kuma aka keɓe wa 'yan Agua Caliente masu lambar cika. Har gobe haka taswirar garin take, mutum zai tsallaka titi ya fita daga ƙasar ƙabila ya shiga ta wani.

Ɗaya daga cikin gidajen dara nan, mai lamba 14, ya faɗo a tsakiyar gari. Shi ake kira Section 14. A can amsar tambayarmu take. A wancan lokaci akwai unguwannin da ba a sayar wa baƙar fata ko 'yan asalin Meziko gida, ko da suna da kuɗin saye. Sai suka riƙa karɓar hayar fili daga 'yan ƙabilar, suna gina nasu da abin da ya sawwaƙa. Kuku da magini da mai wanki da mai lambu, da yawansu a nan suke kwana, da safe su wuce gidajen manya da otal-otal. Unguwa ce ta talakawa, wasu gidajen ba ruwan famfo ba lantarki, amma akwai iyali, akwai maƙwabtaka.

Dokar wancan lokaci ba ta bari a ba da hayar ƙasar ƙabilar na tsawon lokaci ba, don haka masu kuɗi ba sa son zuba jari a wurin. A shekarun 1950 majalisar ƙabilar, wadda gaba ɗayanta mata ne ƙarƙashin Vyola Ortner, ta yi ta kai da komo zuwa Washington har a 1959 aka yarda su ba da haya ta shekara 99. Nasara ce gare su, domin ƙasarsu ta yi daraja. Sai dai darajar nan ce ta zame wa mazauna Section 14 bala'i. Aka fara korar su don a samu filin gina otal da shaguna. A 1965 da 1966 hukumar garin ta sa aka rushe gidaje, ma'aikatan kashe gobara da kansu suka cinna wa wasu wuta. Waɗanda abin ya shafa sun ba da labarin yadda mutum zai dawo daga aiki ya tarar da toka a inda ɗakinsa yake. Su ma 'yan ƙabilar ba su tsira ba: kotu ta naɗa musu wakilai masu kula da dukiyarsu, waɗanda suka riƙa yankar kaso mai tsoka daga kuɗin. A 1968 ofishin babban lauyan jihar Kalifoniya ya fitar da rahoto da ya ɗora wa hukumar garin laifin abin da ya faru.

Ku duba shekarun da kyau. Shekara guda bayan wutar 1966 Elvis ya kawo amaryarsa, 'yan jarida suka cika ƙofar gidan. Garin ɗaya ne, tafiyar 'yan mintuna a mota ke tsakani.

An daɗe ba a son tada maganar. Sai a 2021 hukumar garin ta nemi afuwa a hukumance. A 2022 aka cire mutum-mutumin Frank Bogert, magajin garin lokacin korar, daga gaban ofishin hukumar. A watan Nuwamban 2024 kuma majalisar garin ta amince ta biya dala miliyan 5.9 ga waɗanda aka kora da zuriyarsu. Wasunsu suna yara ƙanana aka ƙone gidan iyayensu, yanzu sun yi furfura. A ganinmu kuɗin bai kai asarar ba, in aka tuna abin da gida ɗaya kacal yake kaiwa a unguwar taurari.

Su kuwa 'yan Agua Caliente suna nan, kuma su ne suka fi kowa yawan fili a garin. Otal-otal da gidaje da dama a kan ƙasarsu suke, haya ake biyansu. A 2023 suka buɗe gidan tarihinsu a cikin Section 14, tare da wurin wanka a kan maɓuɓɓugar Séc-he, wadda har yanzu ruwanta ke fitowa da ɗuminsa. Duk baƙon da ya sauka daga bas ɗin gidajen taurari a tsakiyar gari, da ƙafa zai iya ƙarasawa can.