Wurin Naƙasasshe a Cikin Ikilisiya

A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu wariya a Nijeriya, aka kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika, amma majami'u da dama na nan da matattakalarsu. Sai an ciccibi mai keken guragu kafin ya shiga sujada.

Wannan gyara ne mai sauƙi, siminti kaɗan ya ishe shi. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an shiga. Kurma yakan zauna har a tashi babu tafintan maganar hannu, makaho kuwa ba a tuna da shi sai lokacin addu'ar warkarwa ko rabon sadaka. Da wuya a ji an zaɓe su cikin dattawan ikilisiya. Alhali Andrew Foster, wanda ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957 da Ibadan a 1960, shi kansa kurma ne, kuma mai wa'azi. Da sai ya warke za a saurare shi, da ɗaliban nan ba su ga aji ba.