Kujerar Ƙiru Da Bebeji Ta Jama'a Ce

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina game da mazaɓarmu ta Ƙiru da Bebeji a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Majalisar nan kujeru 360 gare ta, 24 na Jihar Kano ne, ɗaya tak daga ciki ita ce tamu, mu mutanen ƙananan hukumomi biyu. A 2011 aka zaɓi Alhaji Abdulmumin Jibrin Ƙofa a jam'iyyar PDP, aka sake zaɓensa a 2015 a APC, har ya zama shugaban kwamitin kasafin kuɗi. A 2016 ya fito ya ce an yi cushe a kasafin, rigima ta kaure tsakaninsa da shugabannin majalisar, a watan Satumba suka dakatar da shi na zama 180. Bai koma ba sai Maris na 2018.

To jama'a, a nan gizo ke saƙar. Ni ban zo in ce wane ne mai gaskiya a waccan rigima ba. Tambayata ita ce, wa aka hukunta? Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ke nan zaman shekara guda cur aka yanke, kuma a aikace abin ya kai wata goma sha bakwai. Aka zartar da kasafin 2017 babu mai tashi ya yi magana da yawun manomin rani na Tiga, ko ɗan tireda na Kwanar Ɗangora. Mu da muka sha rana a layi muka dangwala ƙuri'a, laifin me muka yi? Ai wannan shi ne laifi tudu, an bar jaki ana dukan taiki. A 2018 kotu ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka, amma watannin da suka wuce wa zai dawo mana da su?

Ba a nan ta tsaya ba. A ƙarshen 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen mazaɓar, aka sake shi a Janairun 2020, Alhaji Ali Datti Yako na PDP ya ci. A 2023 Ƙofa ya dawo a NNPP. Wannan ba ni da ja a kansa, domin ƙuri'a ce ta kai, ƙuri'a ce ta sauke. Haka ya kamata.

Kuma 'yan'uwa ku sani, doka ta ba mu damar yin kiranye. Idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu a takardar koke zuwa hukumar zaɓe, aka tantance, sai a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Wato wuƙa da nama suna hannunmu, ba hannun abokan aikinsa na Abuja ba.

Saboda haka ina kira ga majalisa, idan wakili ya yi laifi a cire shi daga kwamiti, ko a yanke masa alawus, ko a kai shi kotu. Amma kada a kulle bakin mazaɓa. Mu kuma talakawa mu daina sayar da ƙuri'a da taliya da sabulu, domin wanda ya sayi kujera ba zai yarda cewa aro aka ba shi ba.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Kwanar Ɗangora,
Ƙaramar Hukumar Ƙiru, Jihar Kano.