Matashi ma ɓarin jikinsa na shanyewa, kuma awa 4 da rabi ba ta jiran kowa

1/ Jama'a, mu daina cewa shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne. Ɗan shekara 15 ma yana samunsa. 🧵

2/ Iri biyu ne: ko gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Na toshewar ake yi wa allurar alteplase mai narkar da gudan. Amurka ta amince da ita ga manya tun 1996.

3/ Sharaɗinta: cikin awa 4 da rabi daga lokacin ƙarshe da aka ga mutum lafiya lau, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, CT ko MRI. In fashewa ce aka yi allurar, jinin zai ƙara zuba, tana iya kisa.

4/ Ga 'yan ƙasa da 18 hujja ba ta kai ta manya ba. Binciken TIPS da aka shirya kan yara an rufe shi a 2013 don ba a samu isassun yara ba. Shi ya sa ƙwararren likita ne kawai ke yanke hukunci.

5/ A wajenmu babban sanadi sikila ce. In ba a gwaji, kusan 1 cikin 10 na masu SS na samun wannan ciwon kafin shekara 20. Su abin gaggawarsu ƙarin jini ko canjin jini ne.

6/ Ni a ganina jinkiri ne ke cinye mu. Baki ya karkace, a ce iska ce. A yi tofi, a je kemis, a jira baba ya dawo. Kafin a isa asibiti awannin sun wuce. Addu'a a cikin mota ma ana yin ta.

7/ Fuska ta karkace kwatsam, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe? Duba agogo, riƙe lokacin, ku nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Kar a ba shi aspirin, abinci ko ruwa.

8/ In kana da ƙani mai sikila, tambayi likita gwajin TCD, ana yin sa daga shekara 2 zuwa 16. A Kano an yi bincike kan hydroxyurea don kare irin waɗannan yaran.

Ku tura wa guruf ɗin gidanku don Allah.