Abokan gaban Link sun fi daimon koyar da wasa: darasi daga Zelda na 1986

A ranar 21 ga Fabrairun 1986 kamfanin Nintendo ya fitar da The Legend of Zelda a Japan, shekara guda bayan haka kuma ya isa Amurka da Turai a kan na'urar NES. Gem ɗin gaba ɗaya, da taswirarsa da kiɗansa da dodanninsa, kilobayit 128 ne a kan kaset. Hoto ɗaya da aka ɗauka da wayar Tecno ta yau ya ninka shi nauyi sau da yawa. Amma akwai abin da wannan ƙaramin gem ya iya wanda manyan gem na waya masu cin gigabayit suke ta watsi da shi: duk wani ƙarfi da jarumi zai samu sai ya yi masa aiki, kuma duk wani abokin gaba an ƙirƙire shi ne don ya koya wa mai wasa wani abu. Mai sayen data da daimon da kuɗin guminsa ya kamata ya san wannan bambancin.

Jarumin da ya fara da hannu biyu

Labarin gajere ne. Ganon, wani mugu mai kamannin alade, ya mamaye ƙasar Hyrule, ya ƙwace Triforce na ƙarfi. Gimbiya Zelda ta farfasa Triforce na hikima gida 8 ta ɓoye kafin a kama ta. Aikin yaron nan Link shi ne ya tattaro su daga gidajen ƙarƙashin ƙasa 8, sannan ya shiga na 9 ya gamu da Ganon. Sunan gem ɗin na gimbiya ne, amma wanda ake juyawa Link ne, kuma har gobe sababbin shiga suna rikita su.

Link yana farawa da zuciya 3 da ƙaramar garkuwa, babu ko takobi. Sai ya shiga kogon da ke allon farko wani tsoho ya ba shi na katako. Link ba ya da wata baiwa ta musamman, ba ya ma tsalle. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka sun bar shi haka, ta yadda duk abin da zai zama daga baya, mai wasa ne ya kai shi. Farin takobi yana nan ajiye a wani kogo, amma ba a ɗaukarsa sai mai zuciya 5. Takobin tsafi kuwa sai mai zuciya 12. Babu kantin da ke sayar da su.

Ko baiwar da take tare da takobin tana da sharaɗi. Idan zukatan Link a cike suke, takobi yana harba haske ya sami dodo daga nesa. Da zarar an taɓa shi ko kaɗan, harbin ya tsaya, sai faɗan kusa da kusa. Da wannan ƙa'ida guda gem ɗin ya koya wa mutum taka-tsantsan ba tare da rubuta masa ko layi ɗaya ba.

Kowane dodo da tambayarsa

Octorok, mai tofa duwatsu a fili, shi ne malamin aji ɗaya: yana koyar da cewa garkuwa tana tare abin da ya zo ta gaba idan Link bai kai sara ba. Darknut, sojan sulke, yana juya darasin. Tasa garkuwar tana tare duk saran da aka kai masa ta gaba, dole a zagaya ta gefe ko ta baya. Wanda ya saba danna maɓalli ido rufe, a ɗakin Darknut yake gane kurensa.

Akwai kuma waɗanda ba jini suke nema ba. Like Like yana haɗiye Link ya cinye masa babbar garkuwa, wadda mafi arahar kuɗinta a shagunan gem ɗin rupi 90 ne. Wallmaster, wani ƙaton hannu da ke fitowa daga bango, yana ɗauke shi ya mayar da shi bakin ƙofar gidan. Bubble kuwa idan ya taɓa shi sai takobi ya ƙi fita na ɗan lokaci. Ɗaya yana cin dukiya, ɗaya yana cin lokaci, ɗaya yana ƙwace makami. Tsoro iri uku ke nan daga zane uku ƙanana.

Bos-bos ɗin su ne suka fi fito da tsarin fili. Dodongo fatarsa ba ta jin takobi, sai an ajiye masa bam a gaba ya haɗiye. Digdogger sai an busa sarewar da aka samo a cikin gidansa, gida na 5, ya ƙanƙance tukuna. Gohma sai kibiya a ido lokacin da ya buɗe shi. A gida na 7 akwai wani Goriya da ya tare hanya, ba ya faɗa, yunwa yake ji, sai an kawo masa nama. Ganon kansa ba a ganinsa yayin faɗa, kuma ko an sare shi har ya bayyana, ba ya mutuwa sai da kibiyar azurfa da ke ɓoye a cikin gida na 9.

Mafi ban sha'awa shi ne Pols Voice, mai manyan kunnuwa kamar zomo. A na'urar Famicom ta Japan akwai makirfo a jikin abin riƙewa na biyu, idan aka yi ihu a ciki sai ya mutu. NES ba ta da makirfo, don haka a can kibiya ce maganinsa. Tun 1986 an riga an yi dodon da ake kashewa da murya.

Kayan aiki ne ke buɗe taswira

Filin Hyrule allo 128 ne, 16 a kwance 8 a tsaye, kuma kusan ko'ina a buɗe yake tun daga farko. Abin da ke tare mutum ƙarancin kayan aiki ne. Gadon fito da ke gida na 3 shi ke kai Link tsibirin da gida na 4 yake. Tsanin da ke gida na 4 yana haye ƙaramin ruwa. Kyandir yana haska ɗaki mai duhu, yana ƙone bishiya ya tono matakala, kuma yana ƙona dodo. Sarewa bayan Digdogger tana kiran guguwa ta ɗauki Link zuwa gidajen da ya gama, tana kuma ƙafar da wani tafki don ƙofar gida na 7 ta bayyana. Kusan kowane kaya yana da aiki biyu ko uku.

Ƙarancin wurin ajiya ne ya tilasta wannan dabara. Jakar Link ba ta wuce rupi 255, wato iyakar lambar da bayit ɗaya ke iya riƙewa. Dodanni da yawa zane ɗaya ne aka sauya masa launi, ja mai sauƙi, shuɗi mai taurin kai. Har zagaye na biyu aka cusa a ciki, mai sababbin gidaje masu wuya, wanda ke buɗewa bayan an gama gem ɗin ko kuma idan aka rubuta ZELDA a matsayin suna. Matashin da ke koyon Unity ko Godot a kan tsohuwar laftof yana ganin rashin kayan aiki ne ya hana shi, ya dubi wannan. Dodo biyar masu hali daban-daban sun fi hamsin da bambancinsu yawan jini ne kawai.

Inda kuɗi ya shigo

A gem ɗin waya da yawa na yau, baiwar jarumi haja ce. A Disamban 2020 Garena ta saka Chrono a Free Fire, jarumin da aka zana da siffar Cristiano Ronaldo, mai kafa garkuwar da ke tare harsashi. 'Yan wasa sun yi ta ƙorafin ƙarfinsa ya yi yawa, daga baya kamfanin ya rage shi. Wanda ya sa kuɗinsa don wannan ƙarfin ya wayi gari abin da ya saya ya canja. Wanda ya koyi zagaye Darknut kuwa babu sabuntawar da za ta ƙwace masa abin da hannunsa ya iya.

Matsalar ta wuce asarar kuɗi. Idan kamfani yana cin riba ne daga sayar da ƙarfi, to yana da dalilin yin abokin gaba da zai gajiyar da mutum har ya ciro katin banki. Dodon Zelda yana tura mai wasa ya yi tunani, na irin wancan tsarin yana tura shi shago. Wani lokaci ma ba a sayar da jarumin kai tsaye, sai a sayar da akwati ko juyin ƙuri'a, ko a dace ko a rasa. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne. Nintendo ma ba ta tsira ba: Fire Emblem Heroes da ta fitar a waya a 2017 da ƙuri'a ake samun jarumai, kuma a 2019 ta janye shi daga Beljiyam.

Zelda ma yana da nasa laifin

Masu kare gem ɗin waya suna da hujja. Zelda sai an saya kafin a taɓa shi, da na'urarsa, yayin da Free Fire da ire-irensa kyauta ake saukewa, abin da ya ba miliyoyin matasa damar wasa a kan waya mai araha. Masu haɗa gem kuma dole su ci abinci, su biya kuɗin sabar. Har yau Zelda na 1986 ba ya Play Store, hanyar da Nintendo ta tanada ita ce na'urar Switch da rajistar Nintendo Switch Online.

Gem ɗin kansa yana da mugunta. Bangon da ake fasawa da bam ba ya da tsaga da za ta nuna, bishiyar da ake ƙonewa ba ta da alama, mutum zai iya shafe awa yana lalube. Akwai shaguna a ciki, zoben shuɗi mai rage rauni da rabi rupi 250 ne. Akwai ma kogon caca inda ake zuba rupi 10 a zaɓi ɗaya cikin uku. Sai dai duk rupin nan a cikin wasan ake samunsa, daga dodanni da ɓoyayyun koguna, babu hanyar loda shi da kuɗin gaske. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka idan suka riƙe abin wasan, Darknut ɗaya ne a gabansu.

Neman kuɗi da gem ba laifi ba ne. Ana iya sayar da riga, da fentin bindiga, da sababbin matakai, ba tare da an taɓa ƙarfi ba, kuma akwai masu yin hakan. Abin ƙi shi ne a mayar da nasara kayan sayarwa.

Gwaji kafin loda kuɗi

Mai karatu zai iya auna kowane gem da ke wayarsa da tambayoyi uku. Idan ya faɗi, ya san kuskuren da ya yi, ko kuwa tallan saye ne ke fara fitowa a allo? Abokan gaba suna da halaye daban-daban da ake koyo, ko jini kawai ake ƙara musu? Baiwar da ya samu tana buɗe masa sabuwar hanyar wasa, ko lamba ce kawai ta hau? Gem ɗin da ya faɗi duka ukun bai cancanci daimon ko ɗaya ba, kuma datar da yake ci ta fi amfani a wani wurin.