Daga Zauren Majalisa Zuwa Gidan Yarin Kuje: Darasin Amana A Rayuwar Farouk Lawan

 

A watan Oktoban 2024 ne Farouk Lawan ya fito daga gidan yarin Kuje bayan ya kammala wa'adin da kotu ta ɗiba masa, kuma bayan shekara guda sunansa ya fito cikin jerin waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa. Ba mu ɗauko wannan zance domin dariyar ƙeta ga wanda ya riga ya sha hukuncinsa ba, kuma ba gulma ba ce ambaton abin da kotuna uku suka tabbatar a bainar jama'a. Mun ɗauko shi ne saboda magabata sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɗalibanmu na yau da yawa ba su san matsayin da wannan bawan Allah ya taka ba. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1999 yana wakiltar Bagwai da Shanono a Jihar Kano, aka sake zaɓensa a 2003 da 2007 da 2011, shekara 16 ke nan a kan kujera ɗaya. A 2007 shi ya jagoranci rukunin 'yan majalisar da suka yi wa kansu laƙabi da masu tsare mutunci, suka tsaya kai da fata har Patricia Etteh ta sauka daga shugabancin majalisa saboda kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidajen hukuma da sayen motoci. Tun daga lokacin aka riƙa kallonsa a matsayin mutumin da ba ya sayuwa.

Wannan suna shi ya kai shi ga aiki mafi girma a rayuwarsa. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 140. Ƙasa ta ɗau zafi, aka yi yajin aiki da zanga-zanga har aka rasa rayuka, sannan gwamnati ta sassauto zuwa naira 97. Majalisa, ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, ta kafa kwamitin binciken inda kuɗin tallafin ke zurarewa, ta danƙa shi ga Farouk Lawan. Rahoton da kwamitin ya miƙa a watan Afrilu ya girgiza ƙasa: an ware naira biliyan 245 domin tallafin 2011, amma abin da aka fitar ya haura naira tiriliyan 2, kuma akwai kamfanonin da suka karɓi kuɗi ba su shigo da man da suka yi iƙirari ba. Kwamitin ya nemi a maido da sama da naira tiriliyan 1 cikin baitulmali.

Kafin talaka ya gama murna sai labari ya sauya. Attajiri Femi Otedola ya bayyana cewa shugaban kwamitin ya nemi dala miliyan 3 domin a cire kamfaninsa na Zenon daga jerin waɗanda ake tuhuma, kuma ya miƙa masa dala 500,000 da sanin jami'an tsaron farin kaya, waɗanda suka naɗi hoton. Ranar 24 ga Afrilu, Farouk ya miƙe a zauren majalisa ya nemi a cire sunan kamfanin, aka kuwa cire. Shi dai ya kare kansa da cewa ya karɓi kuɗin ne domin ya zama hujjar cewa an yi yunƙurin saye shi. Kotu ba ta gamsu ba. A watan Yunin 2021 Babbar Kotun Abuja ta ɗaure shi shekara 7, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 5 a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a watan Janairun 2024.

To, wa ya yi asara mafi girma? Da yawa za su ce shi, tunda ya musanya mutuncin da ya daɗe yana ginawa da abin da bai wuce naira miliyan 80 ba a canjin wancan lokaci. Mu a ganinmu al'umma ce. Daga ranar da batun dalolin ya fito, hankalin jama'a ya bar tiriliyan ya koma kan hula da aljihun mutum ɗaya. Duk wanda rahoton ya ambata ya sami bakin cewa, ta yaya mai hannu dumu-dumu zai tuhumi wani? Gaskiyar da ke cikin rahoton ba ta zama ƙarya ba, amma ta rasa mai ɗaukarta. Nan ne munin rashawa ya fi bayyana: ba dukiya kaɗai take ci ba, tana kashe shaida, ta sa mutane su yanke ƙauna daga duk wanda ya tashi da sunan gyara.

Shi ya sa Musulunci ya toshe ƙofar tun daga nesa. Hadisi ya tabbata da la'antar mai bayar da rashawa da mai karɓarta. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓo zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi tir da hakan, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da babu mai kai masa komai. Ma'aunin ke nan: duk abin da kujera ta jawo maka, ba naka ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya tashi domin kawarwa. Kuma ko da mun ɗauki uzurin Farouk yadda ya faɗe shi, shari'a ta umurce mu da nisantar wuraren zargi. Mai son tona asirin mai ba da rashawa, hukuma yake sanarwa kafin ya miƙa hannu, ba bayan asiri ya tonu ba.

Mu mutanen Zamfara wannan darasi ya fi shafar mu. A Gusau aka ƙaddamar da shari'a a watan Oktoban 1999, kuma a watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangeɓe a Talatar Mafara saboda satar saniya. Ɗalibai su lura: a fiƙihu rashawa da ha'incin ma'aikaci ba su da haddin yanke hannu, hukuncinsu ta'aziri ne gwargwadon ijtihadin alƙali. Amma sauƙin nau'in hukunci ba ya nufin sauƙin laifi. A ƙissar matar Banu Makhzum da ta yi sata, Annabi (SAW) ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba da hukunta mai rauni. Shari'ar Farouk ta ɗauki fiye da shekara 8 kafin a yanke hukuncin farko. Talaka nawa ne ke samun irin wannan jinkiri?

Sai dai kuma, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu tambayi kanmu a nan Adabka, da Gummi da Bukkuyum da Anka: me muke nema wurin ɗan majalisa idan ya zo gida? Kuɗin suna da na biki, kujerar Makka, buhun shinkafar azumi, babur. Mu masu wa'azi ma ba mu kuɓuta ba, domin sau da yawa rufin masallaci muke roƙo, ba mu tambayi daga ina kuɗin ya fito ba. Wanda aka mayar rumbun gari, dole ya nemi inda zai cika rumbun. Alhali aikinsa na haƙiƙa shi ne yin doka, da bin diddigin kasafi, da tsayawa a madadinmu. Mun ga amfanin mai tsayawa lokacin da gubar dalma ta 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, garin Bagega ya yi ta jiran kuɗin tsaftace ƙasarsa har 2013. Muna ganinsa yau da 'yan bindiga suka hana noma, suka ɗora wa ƙauyuka haraji. Wakilin da wani ya riƙe sirrinsa ba ya iya ɗaga murya a irin wannan rana.

Ga iyaye, kada yaranmu su ji muna yabon mai kyauta ba tare da duban tushen dukiyarsa ba. Ga ɗalibai, ku sani kyakkyawan suna amana ce ta jama'a, kuma daɗewa a kan gaskiya ba lamuni ba ne. Ayyuka da ƙarshensu ake auna su, kuma wanda aka fi yaba wa shi aka fi yi wa tarko. Ga masu zaɓe, ku tambayi wakilinku ƙudurin da ya kawo da aikin da ya bibiya, kafin ku tambaye shi abin da ya zo muku da shi.

Amma shi Farouk Lawan, ƙofar tuba a buɗe take gare shi kamar kowane ɗan Adam. Afuwar shugaban ƙasa tana share laifi a kundin hukuma, haƙƙin bayi kuwa sai an mayar ko an yafe. Idan ya yi amfani da sauran rayuwarsa wajen gaya wa matasan 'yan siyasa gaskiyar yadda ƙafa ke zamewa, watakila ya amfanar da ƙasa fiye da yadda ya yi a majalisa.

Allah Ya tsare mu daga cin amana, Ya wadatar da mu da halal, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.